Mai Tafireta a Gaban Baƙin Allo

Ranar Litinin, 3 ga Maris, 1997, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, Akawu ya fara haɗuwa da mutumin da duk jami'ar ke kira Mai Tafireta. Kwanansa shida ke nan da kama aiki a ofishin rajista. An ba shi wasiƙa ya buga, ya zura takarda, ya danna. Ƙarfen harafi ya tashi ya doki takarda ya koma, amma ko ɗigon tawada babu. Ya ƙara ƙarfi, bai ga komai ba. Gumi ya karyo masa, don a ransa ya riga ya lalata kayan hukuma tun bai gama sanin ƙofofin ginin ba.

Aka aika kiran mai gyara. Sai ga wani dogon mutum siriri, tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, hannunsa riƙe da akwatin katako. Ko buɗe akwatin bai yi ba. Ya leƙa, ya sa ɗan yatsa ya tura wani ƙaramin ƙarfe daga kan farin ɗigo zuwa kan baƙi, ya ce a buga. Rubutu ya fito raɗau. Ya yi wa Akawu bayani cewa wanda ya taɓa keken rubutun jiya sitansil ya yanka, wato takardar nan mai kaki da ake bugawa kafin a kai ta injin gurzawa ya fitar da kwafi ɗaruruwa. In za a yanke ta sai an kawar da ribon, wato ƙyallen tawada, harafi ya sauka ba tawada. Daga ranar bai ƙara kiran Akawu da wani suna ba sai Farin Ɗigo. Shekara goma sha shida yana kiransa haka, a gaban baƙi, a gaban manya, har a gaban matar Akawun ran da ta biyo shi da makullin da ya manta a gida.

Mai Tafireta ya koyi sana'ar a wurin kawunsa, a wani shago mai faɗin tabarma biyu bayan kantin takardu. Shekara bakwai yana wanke haruffa da kananzir da tsohon buroshin haƙori kafin a yarda ya kwance keke shi kaɗai. Jami'a ta ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ta ba shi ɗaki a ƙarƙashin matakalar ginin mulki, inda ba ya iya miƙewa tsaye sai a bakin ƙofa. Yana aiki a can ya yi aure, ya tarbiyyantar da 'ya'ya biyar, a can bayansa ya ɗan rankwafa. Daga ƙarar keke kawai yakan gane wace sakatariya ce ke aiki a sama, ya kuma gane ko ranta a ɓace yake. Aƙidarsa a kan aiki guda ce: duk madannin da aka danna dole ya bar alama. In bai bari ba, akwai cuta, kuma cutar tana jikin ƙarfe, ba ta jikin mai dannawa.

Littafin kaya ya nuna cewa a shekarar da suka haɗu jami'ar na da tafireta ɗari biyu da goma sha biyu. A shekarar 2013 saura tara, uku ne kawai ake taɓawa, su ma don cike gurbin suna a wasu tsofaffin fom. Sitansil kuwa an fi shekara goma ba a ji ƙamshinsa ba. A watan Agusta takarda ta fito cewa ƙarshen shekara za a soke gurbin mai gyaran tafireta. Hanya ɗaya aka bari: in ya shiga horon makonni goma na sashen kwamfuta ya ci, za a mayar da shi mai kula da ɗakin kwamfuta. In ba haka ba, ya tafi gida yana da shekara hamsin da huɗu, da yara biyu da ba su gama makaranta ba.

A lokacin an riga an mayar da Akawu wannan sashen. Shi ke riƙe makullin ɗakin, da rajistar shiga da fita, da littafin koke, da ɗan ɗakin ajiyar kaya. Iliminsa na kwamfuta bai wuce buga wasiƙa da jan maus ba. Horon kuwa na wani abu ne dabam: yadda ake ba kwamfuta umarni da rubutu zalla, a baƙin allo, ba hoto ba abin nunawa.

Malamar da za ta koyar ta tafi taro, sai Juma'a za ta dawo. Ta bar takardar shiri mai mataki biyar. Kowa ya karɓi 'yar takarda mai sunan shiga da kalmar sirri ta wucin gadi a wurin Akawu. Ya zauna a kowace kwamfuta ya shiga. Ya canza kalmar sirrin. Ya buɗe folda ta aikinsa. Sannan ya rubuta umarnin da zai sa sunansa ya hau jerin waɗanda suka shirya. Kujera talatin ce, masu nema sun haura arba'in. Duk wanda sunansa bai hau ba kafin sha biyun ranar Juma'a, 13 ga Satumba, an ba wani kujerarsa.

Ranar Litinin da rana Mai Tafireta ya leƙo, da akwatinsa kamar kullum. Ɗakin cike da ɗalibai sa'annin 'ya'yansa. Wani ya ɗago ya tambaye shi da ladabi ko fanka ya zo dubawa, ya nuna masa wadda ke ƙara. Mai Tafireta ya karɓi 'yar takardarsa ya juya. A baranda ya riƙe hannun Akawu ya roƙi abu biyu: ya riƙa buɗe masa ɗakin da bakwai da rabi kafin kowa ya zo, kuma kada ya yi maganarsa da ɗaliban.

Talata da safe ya zauna a kwamfuta mai lamba huɗu. Ya goge tabarau, ya shimfiɗa takardar shiri, ya danne ta da sukundireba don fanka. Allon baƙi ƙirin, sai layi ɗaya na neman suna da wani ɗan farin tsinke yana ƙyaftawa. Ya buga sunan shiga ba tare da ya dubi hannunsa ba, haruffa suka jeru tsaf. Ya danna babban madannin dama, aka nemi kalmar sirri. Ya danna harafin farko. Ba abin da ya fito. Ya danna na biyu, tsinken na nan inda yake. Ya koma kan na farko ya danna sau biyar, ya bi layin tsakiya kaf daga hagu zuwa dama, sannan ya jingina ya ce kibod ɗin ya mutu.

Akawu ya zo ya gwada da kansa, ya ga gaskiya ne. Ya rubuta a littafin koke: lamba huɗu, ƙarfe 7:41, kibod ba ya rubutu. Yana cikin rubutun allon ya share kansa ya sake neman suna. Mai Tafireta ya taɓa wani harafi haka kawai, sai ga shi ya fito. Suka dubi juna.

Suka koma lamba bakwai, haka. Lamba goma sha ɗaya, haka. Akawu ya ɗauko sabon kibod daga ɗakin ajiya, yana cikin ledarsa, ya cika takardar fitar da kaya, suka jona. Ya rubuta suna lafiya lau, da aka zo kalmar sirri ya ɗauke wuta. Sau ɗaya, bayan sun gama daddannawa, Akawu ya danna babban madannin don ya ga abin da zai faru. Allon ya ce ba daidai ba. Mai Tafireta ya ce ai dole, an miƙa masa farar takarda, me zai ce?

Abin da ya fi ɗaure wa Akawu kai shi ne rajistarsa. Da rana ɗalibai takwas sun zauna a waɗannan kwamfutoci uku, ba wanda ya wuce minti biyar, ba wanda ya rubuta koke. Ya tare wata ɗaliba ya tambaye ta yaya kibod ɗin lamba bakwai, ta ce lafiya lau. Ya so ya ƙara tambaya, ya tuna alkawari, ya bar ta ta wuce.

Laraba suka shiga bincike gadan-gadan. Mai Tafireta ya ce in ƙarfe ya yi aiki da rana ya ƙi da safe, sanyi ne. Suka kashe na'urar sanyaya ɗaki, suka buɗe tagogi, suka ɗora kibod a bakin taga ya sha hantsi na minti ashirin. Ba ta canza zani ba. Mai Tafireta ya ce to ƙila ƙura ce. Akawu kuwa ya cire agogonsa ya auna, ya gano cewa daga mutuwar kibod zuwa farfaɗowarsa daƙiƙa sittin ce cif, a kowace kwamfuta, ba ragi ba ƙari. Ya ja jadawali da rula a bayan littafin koke, ya cika layi goma sha huɗu. Jadawalin ya yi kyau, amma bai gaya musu komai ba. Mai Tafireta ya daɗe yana kallonsa, ya ce shekara talatin da bakwai yana gyara, bai taɓa ganin cuta mai agogo ba.

A ranar ya sa hannu a takardar aro ya tafi da kibod ɗaya gida. Alhamis da safe ya dawo da shi yana sheƙi, fuskarsa kuma duk a rikice. Ya gaya wa Akawu cewa ya kwance shi da yamma a tsakar gida, ya zube madannai ɗari da huɗu a farantin matarsa. Ya nemi hannun harafi, ya nemi sifirin, ya nemi ko da abu ɗaya da za a lanƙwasa ko a ɗiga wa mai. Ba komai a ciki sai shimfiɗar roba da wata leda mai zane-zane. Ya fitar da ƙura cikin cokali, da ɓawon gyaɗa, da ƙusar takarda biyu, da gashin gira. Matar ta tsaya a kansa ta tambaya ko ta kawo ruwa a jiƙa su ne, tunda ya tsince su kamar wake.

Sannan ya ƙara da wani abu, don Akawu ya ji yadda mutanen da ba su san inji ba suke tunani. Wai da ya ba ta labarin, sai cewa ta yi: ba kun ce kalmar sirri ba ce? To wane mai hankali ne zai rubuta sirri a allo kowa na gani? Shi kuma ya ce mata inji ba surukinta ba ne da zai ji kunya, abin da aka danna shi yake bugawa. Akawu ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce mata ke nan.

Wankakken kibod ɗin ma suna kawai ya rubuta. Duk da haka Mai Tafireta ya zauna a ɗakin ajiya ya rufe ƙofa, yini guda yana kwance kibod yana wankewa, don hannunsa bai san wata hanyar tunani ba. Kafin a tashi ya gama goma sha ɗaya. Akawu ya leƙa ya same shi zaune a kan kwali, akwatin katako a buɗe, kayan aikin jere a ƙasa ba wanda ya yi amfani sai buroshi.

"Farin Ɗigo," ya ce, bai ɗago ba, "ƙila dai ba kibod ba ne. Ƙila ni ne ba ya so."

Akawu ya ja masa ƙofar. Ya koma teburinsa ya yi abin da ya iya. Ya rubuta wa malama takarda cewa kibod goma sha biyu, har da sabo, suna da wata cuta ta ɗaukewa na daƙiƙa sittin, ana neman a canza su. Ya liƙa jadawalin a baya, ya zura ta ƙarƙashin ƙofar ofishinta. Jerin waɗanda suka shirya ya kai ashirin da tara a yammacin.

Juma'a Mai Tafireta ya zo da bakwai da rabi, ya gwada sau biyu, sannan ya zauna kawai. Sai sha ɗaya da minti ashirin malama ta shigo, jakar tafiya a kafaɗa, takardar Akawu a hannu. Matashiya ce da ba ta haura talatin da biyu ba. Ta ce ta karanta sau uku a tsaye ba ta gane ba. Ta zauna a lamba huɗu, yatsunta suka yi ɗan motsi, ta shiga. Ta fita, ta koma lamba bakwai, ta shiga. Ta shafa kibod ɗin, ta tambaya wa ya sayo sababbi ba da saninta ba. Akawu ya ce ba sababbi ba ne, wanka aka yi musu. Nan ita ma ta rikice, ta ce a nuna mata cutar.

Mai Tafireta ya gyara zama. Ya buga suna, ya danna harafin farko na kalmar sirri, ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mata allon.

Ta dubi allon, ta dube shi, ta dubi jadawalin mai layi goma sha huɗu. Ta sa bayan hannu ta toshe bakinta na ɗan lokaci. Da ta cire, muryarta a natse take.

"Baba, yana jin ka. Duk abin da ka danna ya shiga. Ɓoyewa yake yi, don kada na bayanka ya gani, ko ya ƙirga haruffan."

"Malama, to ta yaya zan san na buga daidai?"

"Hannunka zai sani. Ka buga har ƙarshe, ka danna babban."

Ta ƙara da cewa daƙiƙa sittin ɗin ba cuta ba ce, jira ne. In an bar shi minti ɗaya ba a gama ba, sai ya ɗauka mutum ya tashi, ya koma farko. Ta ɗauki takardar shirinta ta duba mataki na biyu, ta yarda ba ta rubuta wannan ba. Ta ce ta daɗe tana yi har ta manta abu ne da zai ba wani mamaki.

Mai Tafireta bai motsa ba. Leɓensa na ɗan rawa kamar mai lissafi. Can ya ce a hankali, da kansa yake magana, ashe an kawar da ribon ne. Sitansil ake yankawa. Shekaru yana zama da sakatarori a ɗaki kulle suna yanka takardun jarrabawa, harafi na sauka ba tawada, kuma ba wanda ya taɓa cewa keken ya mutu sai mutum ɗaya. Ya juyo a hankali ya dubi Akawu.

Akawu ya jira wannan rana shekara goma sha shida ba tare da ya san yana jira ba. Ya buɗe baki, ya dubi agogon bango, ya ga sha biyu saura minti ashirin da biyu. Sai ya ce, "Yaya, buga. Maganar tana nan, ba ta ruɓewa."

Ya buga haruffa takwas, idonsa a rufe, ya danna. Allon ya zubo rubutu, ya tsaya yana jiransa. Canza kalmar sirri ya ci minti tara, don sai an buga tsohuwar, a buga sabuwar sau biyu, duk a ɓoye, kuma sau biyu ta farko da ta biyu suna saɓawa saboda gumin hannu. A mataki na huɗu ya rubuta umarnin buɗe folda, ya danna, allon bai ce uffan ba. Ya sake rubutawa, allon ya ce ai akwai ta. Ya cire tabarau ya tambaya ta yaya za a ce akwai abin da bai ga an yi ba. Malama ta ce haka halinsa yake: in ya yi aiki ba ya magana, sai in an samu matsala. Mai Tafireta ya ce to wannan kawunsa ne ya dawo, shekara bakwai bai taɓa ce masa ya yi daidai ba.

Sunansa ya hau jerin da ƙarfe 11:52, na talatin. Akawu ya rubuta lokacin a rajista, ya koma littafin koke ya ja layi a kan koke goma sha biyu, a gefen kowanne ya rubuta: ba laifin kibod ba. A baranda Mai Tafireta ya sake riƙe hannunsa ya roƙi abu ɗaya, kada maganar ta kai kunnen matarsa. Akawu ya ce ya yarda, in za a bar kiransa Farin Ɗigo. Aka bari na mako biyu.

Horon bai zo masa da sauƙi ba. Ya daɗe yana ɓacewa a cikin folda, yana tambayar inda fayil yake tafiya in an goge shi. Jarrabawar Nuwamba ya faɗi da maki biyar. Aka ba waɗanda suka faɗi damar sakewa a Disamba, ya ci da hamsin da shida. Ranar 6 ga Janairu, 2014, ya kama aiki a matsayin mai kula da ɗakin kwamfuta. Malama ta ƙara layi ɗaya a mataki na biyu na takardar shiri, amma shi bai yarda da takarda ba, duk sabon zango yakan tsaya bayan sababbin ɗalibai ya gaya musu da baki. Kibod ɗin ɗakin ba su ƙara danƙo ba. Na lamba tara dai ya zauna da madannai biyu a musanye a can gefen dama, tun wankan Alhamis ɗin nan, ba wanda ya lura sai bayan shekara biyu.

Ya yi ritaya a watan Yunin 2019. Tafireta taran an fitar da su daga littafin kaya, aka ba shi ɗaya. Yanzu yana gida, yana gyara keken ɗinki ga maƙwabta a ƙofar gidansa. Yaran biyu sun gama makaranta. Matarsa ta ji labarin tun makon farko, daga bakinsa.